Wa Zai Ɗaure Wa Bunsuru Fuska

Litinin 6 ga Oktoba, bayan azahar

Kakata Nana Hata ta ce tun jiya nake zagaye gidan kamar kyanwar da aka kulle a ɗaki, ko in nemi abin yi ko in fice mata daga kicin. To ga abin yi na samu. Malamin masallacin ƙauyenmu, wanda ya koya mini Alƙur'ani ya ɗan haɗa mini da haruffan boko, in ya ga wannan rubutu sai ya nemi sandarsa. Iyakar karatuna ke nan, bai kuma taɓa hana ni cin abinci ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru ran Asabar ba. Rabin mutanen garin Zenica na cikin tsohuwar silimar, su rubuta.

Hajro, abokin wasana, yana asibiti. A wuyansa na sauka. Na ji kukan jitar kafin in yi tsalle.

Talata 7, da hantsi

Bari in shimfiɗa yadda muke yi, ko na gano inda aka yi mini gadar zare.

A ƙarshen wasan kokawarmu nakan hau ginshiƙin kwanar fili, in juya wa fili baya, in wuntsila in faɗo kan abokin wasana. Ba na ganinsa. Shi zai tsaya daidai ya tare ni da ƙirji da hannuwa, mu zube tare, 'yan kallo su ɗauka na kashe shi. Fuskar Bunsuru da nake sawa ta ulu ce mai kauri, ta rufe kunnuwa, ga ihun mutane, ba abin da ke ratsa ta sai jita. Saboda haka in mai tarewa ya tsaya, Vlado alƙalin wasa sai ya kaɗa 'yar ƙararrawar da ke ɗaure a igiya. Maigida Ragib na zaune gefen fili da jitarsa, ƙararrawar na hagunsa. Da ya ji ta sai ya saki wani dogon kuka siriri, ni kuma in tashi sama.

Maigida ba ya kallon fili. Bai taɓa kallon kowa ba in yana kiɗa, takalmansa yake kallo, gashi ya rufe masa fuska. Haka yake tun zamanin ƙungiyarsa ta Tsatsa, lokacin yaƙi, suna kiɗan rok a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ana ruwan wuta a sama. Ya ƙi kiɗan biki, ya ƙi talabijin, ƙungiya ta watse, ya tafi Jamus wankin manyan motoci. A can ya ga resilin ya kamu. Da ya dawo ya kama hayar silimar, ya ce kiɗa da kokawa duk abu ɗaya ne, a tara mutane a ba su abin yi wa ihu. Ni a kasuwa ya tsince ni ina bin bayan wani ɗan sanda ina kwaikwayon tafiyarsa. Ya ce, "Kai, kana so a riƙa biyan ka kuɗin iskanci?"

Vlado ya ce bai kaɗa ba, don Hajro ya zame yana durƙushe a gwiwa ɗaya. Sauran suka ce kiɗan Maigida ai duk kuka ne, wa ke bambancewa. Maigida ya ce, "Za mu yi magana, Rizo," ya rufe jitarsa a akwati.

Wani yana ƙarya, kuma wannan karon ba ni ba ne.

Laraba 8, da sassafe

Na gano. Shiri ne.

Bara ma haka aka yi. Maigida ya sa aka ɗaure wa Nurko, ɗaya daga cikin 'yan wasanmu, hannu da filasta, ya yi ta yawo da shi a gari yana cewa Hajro ne ya karya shi. Uwar Nurko har miyar ƙashi ta riƙa dafa masa. Ranar ramuwa aka cika silima har kan matakala. Ba wanda aka gaya wa, har ni. Yanzu an juyo kaina, za a ce Bunsuru mugu ne, a sayar da tikiti. Ina ganin Hajro na can kwance yana dariya yana cin tuffa.

Zan sayi burek mai zafi, gasasshen ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, in je. Ƙamshi kaɗai zai tashe shi zaune.

Laraba, bayan la'asar

Senija matarsa ce ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Me ka kawo?"

"Burek. Na nama. Ki ce masa ya tashi, na gane wasan."

Ta dube ni har sai da takardar ta fara ƙona mini hannu. Ta matsa gefe ta ce, "Shiga ka gaya masa da kanka, ɗan wasa."

Na shiga.

Na bar burek ɗin a kan kujerar waje.

Alhamis 9, da rana

Ba shiri ba ne.

Asabar 11, bayan azahar

Na je atisaye. Da na shiga aka yi shiru irin na in malami ya dawo aji. Na yi sallama, mutum ɗaya ya amsa, shi ma a maƙogwaro.

Muna da al'ada. Igiyar fuskata a ƙeya take, kuma ba wanda ke ɗaure ta sai wanda zai kara da ni a ranar. Masu fuska a buɗe su kuma takalmi ake ɗaure musu. Ma'anarsa na ba ka wuyana, ka ba ni naka. Wanda ba a ɗaure wa ba ba ya fita fili, ya ajiye kayansa ya koma inda ya fito. Maigida ne ya kafa dokar, shi ma bai isa ya tilasta wa kowa ba. Wasa na gaba ran 25 ne.

Na ɗauki fuskar na je wajen Nurko, yana ɗaga ƙarfe.

"Bijimi, zo mu gwada."

"Hannuna na ciwo."

"Wanne, na filastan bara?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya ajiye ƙarfen ya ce, "Rizo, kifin da ka sa mini a takalmi na yafe. Gishirin da ka sa a kofin Vlado mun yi dariya. Amma sau nawa kake tsalle kafin lokaci a atisaye don ka ga mutum ya firgita?"

"Wancan a kan katifa ne."

"Ina da 'ya'ya biyu. Wuya ɗaya gare ni."

Na ce masa ai wuyan nasa ko tarakta ce ta faɗo masa ita za ta je asibiti. Nan ma ba a yi dariya ba. Ashe haka ake ji.

Inda na fito ƙauye ne da tumaki. Su ma sun san ni.

Lahadi 12, da yamma

Na ji kukan jitar. Na ji.

Talata 14, da hantsi

Vlado nake zargi. Tsoho ne, hannunsa na rawa, ƙila ya taɓa ƙararrawar bai sani ba, yanzu ya lafe. Kuma tun ranar da na kira shi a waya da muryar ma'aikacin rediyo na ce ya ci firji, ya sa kwat ya tafi karɓa, yake riƙe da ni.

Na same shi a shagon kofi yana tsoma sukari. Ya lashi sukarin kafin ya tsoma, saboda ni.

"Kawu Vlado, rantse mini ba ka kaɗa ba."

"Da wane littafi, naka ko nawa?"

"Da firjinka."

Ya yi murmushi kaɗan, sannan ya ɗora hannunsa a tebur. "Yaro, ina tsugune kusa da Hajro ina ce masa tashi, tashi. Igiyar ma ba ta kusa da ni. Da na ɗaga kai na ga inuwarka." Ya kurɓi kofinsa. "Kai ka ce ka ji kuka?"

"Na ji."

"To ni ban ji komai ba sai mutane. Kada ka sa ni cikin maganar da ta fi ƙarfina. Ragib ya ɗauke ni lokacin da ba mai gaishe ni a garin nan."

Ban ce masa Ragib ba. Shi ya kawo sunan.

Laraba 15, bayan la'asar

Maigida na gudu na. In na shiga ta ƙofa ya hau sama ɗakin injin fim. Yau na laɓe a ƙasan matakala na ji shi yana waya, yana ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. Sarajevo, Nuwamba, a kawo mai ganga, a kama ɗaki. Da farko na ɗauka wani sabon ɗan wasa zai ɗauko ya sa masa fuskata. Daga baya na gane tsofaffin 'yan Tsatsa ne za su dawo daga Suwidin da Kanada, a haɗu a birnin Sarajevo a naɗi sabon faifai. Shekaru yana roƙon su.

Mutum na kwance ba ya iya riƙe cokali, wani na shirin faifai, ni kuma an bar ni da wari.

Na san abin da zan yi masa. Ƙarami ne, amma zai sanyaya mini rai.

Alhamis 16, da azahar

Na ɗauki ƙaramin agogon Nana mai ƙara kamar gyare, na saita shi, na zura a aljihun hagu na kwat ɗin Maigida. Kowace Alhamis yana cin wake a shagon Fata tare da 'yan wasa. Na zauna can nesa da shayina.

Agogo ya tashi. Duk shagon ya juya. Fata ta fito daga kicin da ludayi. Wani yaro ya toshe kunne. Maigida na tsoma burodi a romo yana ba Nurko labarin Jamus.

Nurko ya fashe da dariya ya ce, "Rizo, ka ga babba? Ko gezau. Maigida ya fi ka iya wasa."

Sai a nan Maigida ya ɗaga kai ya ga ana kallonsa. Ya bi idanun mutane har zuwa aljihunsa, ya ciro agogon yana ta rawa a tafinsa, ya kashe, ya yi dariya tare da su. Amma kafin dariyar akwai wata fuska da ya yi, ta ɗan lokaci kaɗan. Ni sana'ata ce kallon fuskar wanda aka yi wa tsiya. Na san ta mai jin haushi, na san ta mai daurewa. Wannan ta wanda bai san me ake ciki ba ce.

Ban sha shayin ba.

Juma'a 17, bayan masallaci

Na tsaya ta hagunsa yana gyara igiyar fili, na ce a hankali, "Maigida, waƙoƙinka kamar ana aske jaki da gwangwani." Ko motsi. Na zagayo dama na ce, "Sannu da aiki." Ya ce, "Yauwa, Rizo."

Na koma bayansa na kaɗa ƙararrawar. Sau uku, bai waiga ba.

Da ma Vlado ne. Da ma shiri ne.

Asabar 18, da safe

Nana ta nemi agogonta. Na ce yana wajen gyara.

Litinin 20, bayan azahar

Na hau sama ban ƙwanƙwasa ba, ko na ƙwanƙwasa ma ɗaya ne. Na same shi ya kafa haƙoransa a kan katakon jitar yana murɗa wayar jitar, yana jin sautin ta ƙashi. Ya gan ni ya saki. Duk bakin katakon tabon haƙori ne.

Na tsaya ta dama.

"Tun yaushe?"

"Rufe ƙofar."

Na rufe. Ya ce kunnen hagu ya daɗe da mutuwa, lasifikar Tsatsa ce ta cinye shi. Na dama yana ɗaukar murya mai kauri, amma abu siriri ya daina shiga tun bazara.

"To ƙararrawar fa?"

"Ƙirga nake yi. Daga hawanka zuwa tsayuwar mai tarewa, kullum daidai yake zuwa. Ni makaɗi ne, ba na kuskuren ƙirga."

"Ran Asabar bai zo daidai ba."

Ya kalli takalmansa. Na so in ce masa ba a kiɗa yanzu, ya ɗago ya dube ni.

"Ka ba ni zuwa Nuwamba," in ji shi. "In mutanen nan suka ji, ba mai hawa jirgi don ya yi faifai da kurma. Mu gama, in tara kowa in faɗa da bakina. Hajro ina tsaye a kansa, ba abin da zai rasa."

"25 ga wata kafin Nuwamba take, Maigida. Ko ita ma ƙirgar ta ɓace?"

"Bakinka zai kashe ka wata rana."

"Kunnenka ya riga shi fara aiki."

Na yi zaton zai mare ni. Ya ce in maimaita, bai ji ba. Har yanzu ban sani ba ko da gaske bai ji ba.

Talata 21, da hantsi

An ce Hajro ya motsa yatsun hannun dama. Ba ya tuna komai na ranar. Senija ta bari na leƙa. Ya ce, "Bunsuru, an ce ka yi ƙiba." Na ce ƙaryar likita ce. Iyakar hirar ke nan, na fito na tsaya a bayan asibiti kusa da kwandon shara har sanyi ya kore ni.

Laraba 22, bayan la'asar

Na gwada. Na tare Nurko a bakin silima.

"In na gaya maka wani abu game da Maigida za ka yarda?"

"Kai in ka ce mini yau Laraba sai na duba kalanda."

Ina iya jan sa sama in kaɗa ƙararrawar a gabansa, magana ta ƙare. Minti ɗaya. Na buɗe baki, sai na tuna ranar kasuwa, da takalman farko da Maigida ya saya mini, sun yi mini yawa ya cusa jarida a ciki. Na ce wa Nurko, "Rini yake yi wa gashinsa." Ya ce kowa ya san wannan.

Wataƙila dama haka Maigida ya lissafa. Ya san wanda ya zaɓa ya bar wa laifi, mutumin da ba a yarda da shi ko ya rantse. Wataƙila tun a kasuwa.

Alhamis 23, da yamma

Nana ta ɗora mini pita, burodinta mai haɗi a ciki, a gaba ban taɓa ba. Ta ce, "Wanda ke tsokanar kajin maƙwabta tun yana rarrafe yau ya zama liman. Me ka haɗiye?"

Na ce ba komai.

"Naka ne ko na wani?"

"Na wani."

"To na wani ya fi nauyi. Ci abinci." Ta tura farantin. "Kuma a dawo mini da agogona, ko wane ne mai gyaran."

Juma'a 24, bayan magariba

Na wanke fuskar na shanya. Ko a ɗaure ko a ajiye, gara ta tafi da tsabta.

Lahadi 26, da hantsi

Jiya.

Silima ta cika, sun zo ganin mugun da ya karya Hajro. Ina jin su ta bango suna kiran a fito da Bunsuru a yanka. A ɗakin shiri na sa fuskar na zauna a benci, igiya na lilo a bayana. Kowa ya sami abin yi da takalminsa. Nurko ya ɗaure nasa ya kwance ya sake ɗaurewa. Vlado ya leƙo ya ce saura kaɗan, bai kalle ni ba.

Na kai hannu zan cire, sai ƙofa ta buɗe. Maigida ne, ba jita, ba riga, cikin wani tsohon gajeren wando, ƙafafu farare sirara kamar na kazar da aka fige. Mutumin da ya haura hamsin, bai taɓa shiga fili ba sai da tsintsiya.

"Juyo ƙeyarka, ɗan iska."

Ya ɗaure. Ya ja har ya kama mini gashi. Ya ɗora ƙafa a benci na ɗaure masa takalmi. Sannan ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Yau ba kiɗa. Vlado, kwance ƙararrawar nan ka kai wa jikanka, ni ba ta da amfani a wurina. Ta daɗe ba ta da shi."

Nurko ya dube shi, ya dube ni, ya sake duban sa.

Wasan kansa abin kunya ne. Maigida bai iya faɗuwa ba, bai iya duka ba, na riƙa jan sa kamar buhun dankali, 'yan kallo na ta murna an sami mai rama wa Hajro. Da lokaci ya yi na hau ginshiƙi na juya baya. Ba jita. Ban taɓa sanin wurin nan yana da tsawo haka ba. Na tsaya ina tunanin ko ya matsa gefe, ko wannan ma shiri ne, in faɗo a katako a ce Allah ya saka wa Hajro, a rufe magana.

Sai na ji muryarsa, wadda ya yi waƙa da ita a ƙarƙashin ƙasa, ta ratsa ulu ta ratsa ihu.

"Taho, Rizo!"

Na tafi.

Ya tare ni. Ba da ƙirji ba yadda ake yi, da hannuwa ya miƙo kamar mai karɓar jariri ta taga. Muka zube. Na ji ƙarar da na sani, amma wannan karon ƙarama ce, kuma ba daga wuya ba. Yatsu biyu na hannun hagu, waɗanda yake danna wayoyin jita da su.

A ɗakin shiri Nurko ne ya kwance mini igiyar. Ya dungure mini kai ya ce wasa na gaba ni da shi, in kuma ya sami kifi a takalminsa zai ɗura mini shi. Daga nan ya ɗauki kwat ya ce zai biya asibiti, akwai maganar da Senija ya kamata ta ji.

Litinin 27, bayan la'asar

An naɗe wa Maigida hannu har gwiwar hannu. Likita ya ce jita sai bayan sanyi, in an yi sa'a. Ya kira Suwidin da Kanada ya ce a ɗage, ya karye a kokawa. Na ji suna dariya ta cikin wayar, suna cewa Ragib bai canza ba. Ba wanda ya yi maganar kunne. Shi ma dariya yake, irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ta wanda aka sauke wa kaya.

Tun jiya nake juya abin. Shekaru yana koya wa mutane cewa da ƙirji ake tarewa. Ya fi kowa sani. Ko don ni ya shiga filin, ko don ya sami dalilin da zai hana shi zuwa Sarajevo a gane shi?

Na raka shi har bakin gada, na tambaye shi. Ta hagu na tsaya.